Baga, garin da ke bin ruwa: abin da sunayen bakin Tafkin Chadi ke faɗa

A kasuwannin Katsina da Daura, idan mai kifi yana son ɗaga darajar kayansa, magana ɗaya yake yi: "Alhaji, wannan ta Baga ce." Sai ya buɗe kwali, ya ɗauko gutsuren banda baƙi ƙirin, ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur don ka ji ƙarar bushewarsa, ya ɓare ka ga farin naman ciki. Ko da gaske daga Baga bandar ta fito, ko kuwa a wani dam na kusa aka kamo kifin aka turara masa hayaƙi, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Sunan dai ya riga ya zama shaida. Mutumin da bai taɓa wuce Haɗeja ba ya san Baga, kuma tun kafin shi kakarsa ta san kanwa ungurnu, tana jefa ta a tukunya ba tare da ta san sunan wani gari na Barno take kira ba.

Mu nan mun saba da garin da yake zaune daram. Rijiyar Kusugu tana inda take, hasumiyar Gobarau tana inda take, duk wanda ya tashi ba da tarihin Daura ko Katsina yana da abin da zai nuna da yatsa. Baga, garin Jihar Barno da ke bakin Tafkin Chadi, ba ta ba mutum wannan damar. Bakin ruwa ce, bakin ruwan kuma ba ya zama wuri guda. A tafkin da ba shi da zurfi, wanda ke kwance a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ruwa ya sauka da mita ɗaya kawai sai gaɓa ta ja da baya kilomitoci. Masunta su bi ta, dillalai su bi masunta, masu abinci da masu awo su bi dillalai. Duk inda aka yada zango sai an raɗa wa wurin suna. Shi ya sa wanda ya jera sunayen yankin, daga Kukawa zuwa tsibiran cikin tafki, zai ga inda ruwa ya tsaya a kowane zamani, ya kuma ga wanda ke riƙe da kasuwa a lokacin.

A fara da tafkin kansa. Sunan Chadi daga wata kalmar Barebari ya samo asali, mai nufin babban ruwa shimfiɗaɗɗe. Ita kuma Baga ba ita kaɗai ke amsa sunanta ba. A gaɓar gabas, cikin ƙasar Chadi, akwai Baga Sola. Tamu ta Najeriya cikakken sunanta a tsofaffin taswirori Baga Kauwa, wato Bagar da ke kusa da garin Kauwa. Masu nazarin yankin suna fassara kalmar da mashigar jiragen ruwa inda ake sauke kaya a ci kasuwa, abin da Bahaushe zai kira kwata. Ke nan tun daga sunanta an gaya maka cewa sana'a ce ta haifi garin. Ba wani mafarauci da aka ce ya sari daji, ba wani ɗan sarki da aka ce ya yi fushi ya bar gida. Wurin sauke kaya ne, mutane suka taru a kansa.

Kayan da aka fara saukewa kuwa ba kifi ba ne kaɗai. Kanwa ce babbar hajar dā. A ƙasar Kanem, gabas da tafki, ake haƙo ta, a sassaƙa ta fala-fala, sannan mutanen tsibirai su ɗora ta a jiragensu na ciyawa su ƙetaro da ita gaɓar yamma. Waɗannan mutanen su ne Barebari ke kira Buduma, wato mutanen ciyawa, su kuma suna kiran kansu Yedina. Su ne masu shanun nan na Kuri masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Idan kanwar ta sauka sai a ɗora wa jakuna da takarkarai, a bi da ita ta garin Ngurno, wanda ya kasance babbar kasuwa a farkon ƙarni na 19. Daga nan fatake su yo yamma da ita, Kano, Katsina, har Nupe. Bakin Bahaushe ya mai da Ngurno ungurnu, kanwar ta riƙe sunan har yau, garin kuwa darajarsa ta daɗe da gushewa.

Ba a fahimtar Baga sai an bi ta Kukawa, domin har yanzu a Ƙaramar Hukumar Kukawa take, kuma nan ne tarihinmu da nasu suka haɗu.

A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Muktar suka ci Birnin Gazargamu, fadar sarakunan Barno tun ƙarni na 15. Kafin wannan, sarakunan Haɓe na Katsina da Daura da Kano sun nemi agajin Barno, domin a wancan zamani ita ce babbar inuwa. Da ita kanta inuwar ta faɗi, sai Mai Dunama ya nemi taimakon wani malami Bakanembe mai jama'a, Muhammadu al-Amin al-Kanemi, wanda Hausawa suka fi sani da Shehu Laminu. Shi ya ƙwato wa Barno numfashinta, shi ne kuma ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello a kan halaccin yaƙar ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci. A 1814 ya gina wa kansa sabon mazauni kusa da tafki, aka sa wa garin sunan itacen kuka da ke wurin. Kunnen Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan, don sunan itacen kusan ɗaya ne a bakinmu da bakin Barebari.

Mutanen Daura suna da wani dalili na musamman na sanin Kukawa. Bayan an fitar da Sarkin Gwari Abdu daga birni, zuriyarsa ta zauna a Zango da Ɓaure, daga baya kuma Zango ta shiga ƙarƙashin Damagaram, ita kuwa Damagaram Kukawa take kai wa gaisuwa. Wato tsawon wani zamani na ƙarni na 19, wani yanki na ƙasar Daura yana kallon gabas ne, ba Sakkwato ba.

A 1846 Sarkin Wadai, wata masarauta da ke gabas da tafki, ya kawo hari da goyon bayan 'yan tsohon gidan sarauta, aka ƙone Kukawa, kuma a rikicin ne gidan Saifawa ya ƙare bayan mulkin ɗaruruwan shekaru. Shehu Umar, ɗan Shehu Laminu, ya sake gina garin, amma a siffar da ta sa matafiya suka yi ta rubutu a kanta: gari biyu, kowanne da ganuwarsa. Na gabas, Billa Gedibe, na Shehu ne da fadawa da manyan bayin sarki. Na yamma, Billa Futebe, na talakawa ne da 'yan kasuwa da baƙi, ciki har da Larabawan Fezzan da fataken Hausa. A tsakaninsu akwai fili, wanda shi ma a hankali ya cika da bukkoki. Wata faffaɗar hanya, dandal, ta ratsa su ta nufi ƙofar fada. Daga nan muka ari kalmar dandali, kamar yadda muka ari Galadima da Ciroma da Yarima. Babbar kasuwa ranar Litinin take ci, a bayan ƙofar yamma, ɓangaren da ke fuskantar ƙasar Hausa. Rabon unguwannin ya nuna tunanin masu garin sarai: mulki a gefe guda, kuɗi a gefe guda, da tazara a tsakani.

Wannan Kukawa ce Baturen Jamus Heinrich Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, ya isa a watan Afrilun 1851, bayan ya ratsa Katsina da Kano a farkon shekarar. Abokin tafiyarsa Overweg har jirgin ruwa suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga bakin Bahar Rum, ya haɗa shi ya zagaya tsibiran Buduma, kafin ya mutu a wani ƙauye na bakin tafkin a 1852. Sai 1893, Rabe ya zo ya murƙushe Kukawa ya koma Dikwa da zama. Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Da Ingila ta kama ƙasa, Shehu Garbai ya ɗan zauna a kufan kakanninsa, amma a 1907 aka mai da fada Yarwa, wato Maiduguri ta yau. Kukawa ta rage da kaburburan Shehunai da suna. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce, amma a shekarun da kifi ke tashe, jama'a da kuɗi da hayaniya duk suna Baga.

Abin da ya ɗaga Baga abu uku ne da suka zo kusan lokaci guda: ragar nailan da ta shigo a wajen farkon shekarun 1960, hanyar mota daga Maiduguri, da kasuwar kudancin Najeriya mai cinye busasshen kifi ko nawa aka kai. Tafiyar kusan kilomita 200 ce daga Maiduguri, ta Monguno, zuwa mararrabar da ake kira Kuros Kauwa, inda hanya ta rabu: yamma Kukawa, arewa yankin Malam Fatori, gabas Baga. Duba sunan mararrabar da kyau, rabinsa Turancin ma'aikatan hanya ne, rabinsa tsohon garin Barebari. Haka ma wuraren da ake kira da lissafin mil, irin su Mil 4. Waɗannan sunayen direbobi ne da 'yan kamasho, sun nuna zamanin da mota ta karɓi aikin jaki. A Maiduguri kuwa hanyar ta ba wata babbar unguwa da kasuwar kifi suna. Daga can ake cika manyan motoci da kwalaye a nufi Onica da Inugu da Ibadan da Legas, abin da ya rage ya biyo yamma ya iso gare mu.

Sai ruwa ya fara ja.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kogin Chari da Logone yake zuwa, daga kudu mai nisa, ƙasar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa. Ɗan abin da ya rage ruwan sama ne da ƙananan koguna irin Komadugu Yobe, wanda ke ɗauko ruwan Haɗeja da Jama'are. A ɗaya gefen kuma rana da iska suna shanye kusan mita 2 na ruwan a kowace shekara. Tafkin da ke rayuwa a kan irin wannan lissafi, damina biyu ko uku su gaza a can kudu sai ya nuna. Farin 1972 zuwa 1974, wanda dattawan Daura da Mai'aduwa da Jibiya ba su manta da shi ba, shi ya raba tafkin gida biyu. Wani tudu da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, wanda ya taso daga wajen Baga ya nufi gaɓar gabas, ya fito fili, ciyawa ta rufe shi. Daga lokacin ruwan Chari sai ya cika kwarin kudu tukuna, in ya yi yawa ya tsallaka zuwa kwarin arewa, in bai yi ba arewa ta kwana da ƙishi. Farin 1983 zuwa 1985 ya ƙarasa aikin, buɗaɗɗen ruwa ya koma wajen murabba'in kilomita 2,000, kwarin arewa ya bushe ƙurmus a wasu shekarun.

Baga tana zaune ne daidai bakin wannan tudun, don haka ta fi kowa ganin sauyin. Garin da aka kafa don jirgi ya tsaya a ƙofarsa sai ga shi a tudu. Mashigar ta matsa gaba zuwa Doron Baga, kimanin kilomita biyu da rabi daga tsohon garin, wadda wasu ke kira Doro Gawon, sunan da shi kaɗai ya isa ya nuna zamanin da ta bunƙasa, tunda Janar Yakubu Gawon ya yi mulki ne daga 1966 zuwa 1975. Doro a bakin Bahaushe tudu ne da ya ɗan ɗago, irin wurin da masunci zai kafa bukka ruwa bai ci shi ba. Daga baya ita ma Doro sai da aka riƙa bin yankakkiyar hanyar ruwa ta cikin ciyayi kafin a kai ga tafki sosai.

Hukuma ta yi nata shirin a kan ruwan da ta ɗauka ba ya motsi. An kafa Hukumar Kula da Tafkin Chadi a watan Mayun 1964, tsakanin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A shekarun 1970 aka zuba maƙudan kuɗi a babban aikin noman rani na Kudancin Chadi a yankin Marte, da wani ƙarami a Baga. Kafin a ci moriyar aikin yadda aka tsara, bakin magudanar da za ta ɗebo ruwa ya tsinci kansa a busasshiyar ƙasa. Siminti ba ya tashi ya bi ruwa, talaka kuwa yana yi.

Abin da ake yawan mantawa a labarin "tafki ya ƙafe" shi ne janyewar ruwan ta jawo mutane ne, ba ta kore su ba. Ƙasar da ruwa ya bari baƙa ce mai danshi, ana shuka masara da wake a cikinta da rani, ba taki ba ban ruwa. Kifin ma sauya iri ya yi. Giwan ruwa da sauran masu son buɗaɗɗen ruwa suka ragu, tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa, masu jure fadama, suka yawaita, kuma tarwaɗa ita ce uwar banda. A daidai lokacin da fari ya hana noma a tudu, sai ga wuri guda da ake samun kifi da gona da kiwo a lokaci ɗaya. Kabawa da Sarkawa masu gadon su suka taho daga yamma, mutanen Haɗeja da Sakkwato da Zamfara suka taho, Jukunawa daga Binuwai, har masunta daga Mali, waɗanda ake danganta wata irin gura da su. Da ita ake yin dumba, wato a jera gura ɗaruruwa a tare hanyar da kifi ke bi idan ruwa na janyewa. 'Yan cin rani daga ƙasar Katsina da Daura su ma ba a bar su a baya ba. Wani ya je da niyyar wata uku yana ɗaukar kwali ko yana hura wutar banda, ya ƙare da mata da 'ya'ya da gona. Hausa ta zama harshen kasuwa a tsakiyar ƙasar Barebari.

Nan ne sunaye suka fi daɗin karantawa. A bakin mutanen tafki tsibiri shi ne tumbu, sai ka ji Tumbun Gini, Tumbun Rago, Tumbun Fulani. Inda masunta suka yi sansani daba ce, ga Daban Masara, wadda sunanta ya haɗa kamun kifi da noma a numfashi ɗaya. Inda jirgi ke tsayawa kwata ce, ga Kwatan Yobe da Kwatan Turare. Amma jerin da ya fi kowanne bayani a takardun kotu yake. Lokacin da Kamaru ta kai Najeriya ƙara Kotun Duniya a 1994, mu a nan Bakasi kawai muke ji a rediyo, alhali shari'ar ta haɗa da ƙauyuka 33 a kudancin tafkin, kudu da Baga, ta wajen Ngala. Babbansu Darak. A cikin sauran akwai Doron Liman, Doron Malam, Garin Wanzam, Ramin Dorina, Sabon Tumbu, Fagge, Ba Shakka, Naira da Sokotoram.

A tsaya a kan waɗannan kaɗan. Garin Wanzam da Doron Liman sun gaya maka wanda ya fara kafa rumfa a wurin, ko wanda aka fi sani, kuma ba basarake ba ne, mai sana'a ne. Ramin Dorina ya gaya maka abin da aka tarar. Fagge sunan da duk wanda ya san Kano ya san shi, mazaunin baƙi da fatake a bayan ganuwa. Sokotoram kuwa aure ne tsakanin harsuna biyu: Sakkwato, da ɗafin "ram" na Barebari mai nuna wuri, wato inda Sakkwatawa suke. Su suka zauna, maƙwabtansu suka raɗa suna. Naira ta fi duka saurin tona asirin shekarunta, domin kuɗin naira bai fito ba sai 1 ga Janairun 1973. Ƙauyen da ake kira Naira ba zai yi da'awar sunan kaka da kakanni ba.

Da irin wannan hujja Najeriya ta tsaya a gaban kotu: mutanenmu ne suka kafa garuruwan, mu ke karɓar haraji, mu muka kai makaranta da asibiti da 'yan sanda. Kamaru ta fito da yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931, waɗanda suka ja layi a kan ruwa tun babu ko bukka ɗaya a wurin. A ranar 10 ga Oktoban 2002 kotu ta bi layin takarda, a watan Disambar 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka fiye da 30. A ganina kotu ba ta da wata mafita, don in aka ce duk inda mutanenka suka bi ruwa suka zauna ya zama ƙasarka, ba iyakar da za ta tsaya a Afirka. Amma mutumin da ya bi tarwaɗa daga Baga yana matsawa gabas kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, bai taɓa ganin shinge ko tuta ba. Rana ɗaya aka ce masa baƙo ne.

Kafin wannan ma an taɓa gwabzawa a kan tsibirai. A 1983 sojojin Chadi suka mamaye wasu daga cikinsu, kuma wanda ya jagoranci korar su ɗan Daura ne, marigayi Muhammadu Buhari, lokacin yana kwamandan runduna ta 3 da ke Jos. Ya san yankin tun yana gwamnan Jihar Arewa maso Gabas a 1975.

A tsarin mulki na yau, Ƙaramar Hukumar Kukawa tana da mazaɓu irin su Kukawa, Kauwa, Baga, Doro, Alagarno, Kekeno da Yoyo. Abadam na arewa da ita, Monguno na kudu, Guzamala na yamma. A sarautar gargajiya kuwa matakan sun yi kama da namu, sunaye ne suka bambanta: wanda muke kira mai unguwa shi ne bulama, dagaci shi ne lawan, hakimi shi ne aja. Sai dai bulaman bakin tafki yana da aikin da mai unguwar Daura ba shi da shi. Gonar da ya raba bana, baɗi tana iya zama ruwa, sai mai gura ya zo neman izini a inda mai masara ya yi girbi. Makiyayi ma na jiran ciyawar da za ta tsiro a wurin. Fili ɗaya, masu haƙƙi uku, kowa da watanninsa. Wanda ke da ikon cewa wane ya kafa dumba a nan, wane ya shuka a can, shi ke da kuɗin yankin. Saboda haka rigimar haraji tsakanin bulamai da jami'an ƙaramar hukuma da ƙungiyoyin masunta da masu kaki ta girmi Boko Haram nesa ba kusa ba.

Da masifar ta zo, a kan wannan jijiyar ta sauka. A lokacin Baga ce mazaunin rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin. A watan Afrilun 2013 aka yi artabu a garin, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga gine-gine 2,275 da suka ƙone ta hotunan tauraron ɗan adam. A ranar 3 ga Janairun 2015 Boko Haram ta ƙwace sansanin, ta afka wa Baga da Doron Baga. Amnesty International ta ce gine-gine fiye da 3,700 aka lalata, fiye da 3,100 daga ciki a Doro kaɗai, abin da ke nuna inda jama'a suka fi cunkushewa. Mutane suka faɗa ruwa, wasu suka ƙetara Chadi, wasu suka taka zuwa Maiduguri, waɗanda ke da sauran dangi a ƙasar Hausa suka dawo gida hannu rabbana, da 'ya'yan da ba su taɓa ganin garin ubansu ba. Soja sun karɓe garin a watan Fabrairu, ɓangaren ISWAP da ya ɓalle daga Boko Haram ya sake shiga a Disambar 2018, sannan a Satumbar 2020 gwamnatin Babagana Zulum ta fara mai da mutane, a makon da aka kai wa ayarin jami'anta hari a kan hanyar. A tsibirai kuwa masu bindiga sun gaji aikin bulama: su ke ba da izinin kamun kifi, su ke karɓar kuɗin kifi da na kiwo. Soja suka mai da martani da hana safarar kifi na wasu lokuta don toshe musu kuɗi. Masunci ya rasa ta gaba ya rasa ta baya. Sunayen da aka raɗa don masara da rago da turare, yanzu a sanarwar harin jiragen yaƙi ake jin su.

Maganar da ta fi yawo a tarurruka ita ce tafkin ya ragu da kashi 90 cikin 100, don haka a janyo ruwa daga kogunan yankin Kwango a sake cika shi. Har babban taro aka yi a Abuja a kan haka a watan Fabrairun 2018, Buhari na shugaban ƙasa. Lissafin na kashi 90 gaskiya ne idan aka gwada 1963 da tsakiyar shekarun 1980, amma shekara ce ta cika aka gwada da shekarar fari mafi muni. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya ɗan farfaɗo, yana hawa yana sauka, kuma wani kaso mai yawa nasa yana ɓoye a ƙarƙashin ciyayi inda hoton sama ba ya nuna shi da sauƙi. Masu neman a cika tafkin ba kasafai suke tambayar su wa ke zaune a cikin kwarinsa ba. Darak da Naira da Doron Liman da Garin Wanzam a kan ƙasar da ruwa ya bari aka gina su, haka gonakin masara da waken da suka ciyar da yankin shekara 40. Ruwa ya koma matsayinsa na 1963, waɗannan duka sun nutse, kuma sai an nemo wa mutanensu inda za su zauna a ƙasashe huɗu.